Malam, yarana sun iya hadda amma in na ce "me ya sa" sai aji ya yi tsit

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malama ce a wata ƙaramar sakandare ta gwamnati a nan wajen Kurna, ina koyar da soshiyal a aji 1 da aji 2. A wata bita da aka yi mana an ce mu riƙa gina darasi a kan babban tunani da tambayar jagora, amma wallahi ba a yi mana bayanin da za mu gane ba. Yarana sun haura 80 a aji, in na ce su kawo ma'anar al'ada ko iyali za su zubo min ita tas, in na ce me ya sa kaza sai kowa ya sunkuyar da kai. Ga sikim, wato jadawalin darussan zango, ga jarabawa. Don Allah ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri, ai wanda ya lura yaransa sun yi shiru har abin ya dame shi ya riga ya kama hanya.

Babban tunani jumla ɗaya ce wadda kike so ta zauna a kan yaro ko da nan da shekara 10 ya manta duk sunayen da kika rubuta a allo. "Kasuwa" ko "Sufuri" kan magana ne kawai, amma in kika ce "mutane suna taruwa ne a inda suka samu ruwa da tsaro da hanyar neman abinci, in waɗannan suka canza garin ma sai ya canza", to kin ga wannan gaskiya ce a Kano, gaskiya ce a Legas da Agadas, gaskiya ce a zamanin Sarkin Kano Rumfa kuma gaskiya ce yau. Ita kuma tambayar jagora ita ce kike ba yara a madadin jumlar, domin in kika ba su jumlar haddace ta za su yi kamar yadda suka haddace ma'anar al'ada, shikenan an koma gidan jiya. Tambaya ce da ba a amsa ta da eh ko a'a, ɗan aji 1 zai iya fara taɓa ta yau kuma malaman jami'ar Bayero suna iya kwana suna muhawara a kanta.

Bari mu ɗauki guda ɗaya mu bi ta sosai. Ki rubuta a saman allo: me ya sa Kano ta zauna a nan, ba a wani wuri ba? Amsar farko da za ki samu ita ce "saboda a nan kakanninmu suke Malama", kar ki ce ba daidai ba, ki ce to su kakannin me suka gani a nan? Wani zai ce Dala. Me ke Dala? Sai a zo kan tama da maƙera suke haƙa suna narkawa, ƙarfe kuwa shi ne fartanya kuma shi ne mashi, wato abinci da tsaro a wuri ɗaya, ga dutse da za ka hau ka hango maƙiyi tun daga nesa, ga rafin Jakara ga ƙasar noma. Daga nan ne za ki shigo da tarihi a matsayin hujja. An fara ginin ganuwa a zamanin Sarki Gijimasu wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, kuma ki sa yara su lura ba gidaje kaɗai aka kewaye ba har da filayen noma, su gaya miki dalili. Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, shi ya kafa kasuwar Kurmi, fatake suna ratso sahara da raƙuma su sauke gishiri da tufafi su ɗauki jemammiyar fata da rinannen zane irin na marinar Ƙofar Mata. Turawa suka ci garin a 1903, layin dogo ya iso a 1911, sai ga fuskar ciniki ta juya daga arewa ta koma kudu wajen teku, gyaɗa ta zama sarauniya har aka yi dalar gyaɗa, su Alhassan Ɗantata suka yi fice. To a ƙarshen zango sai ki juya tambayar: abin da ya tara mutane a wancan lokacin shi ne yake tara su yau? Yaron da babansa yake ɗaukar kaya a kasuwar Singa ko yake da teburi a Kantin Kwari ko yake awo a Dawanau ya fi littafin aji sanin amsar, kuma ranar da ya gane abin da ya sani daga gida ilimi ne, ranar zai fara ɗaga hannu.

Kin ga a cikin tambaya ɗaya kin ci muhalli, kin ci sana'o'i, sufuri, ƙaura, har da shugabanci, duk suna cikin sikim ɗin da ya fito daga manhajar NERDC, hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, ba ki tsallake komai ba, jera su kawai kika sake yi. Sikim ya zo miki kamar 'ya'yan carbi a warwatse, tambayar ita ce zaren. Tambaya 2 ko 3 sun ishi zango guda, in suka yi yawa sun koma irin tambayoyin ƙarshen babi.

Wadda ni na fi so a garin nan ita ce: yaushe baƙo yake zama ɗan gari? Ba sai kin nemo taswira daga ko'ina ba, yara su lissafo unguwannin cikin birni kawai, Ayagi da Yarabawa suka kafa, Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Dandalin Turawa inda Larabawa 'yan kasuwa suka zauna, ga Wangarawa da suka zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji da ilimin addini, sannan a fito waje a zo Fagge da Sabon Gari. Babban tunanin a nan shi ne babu garin da ya girma shi kaɗai, kuma al'ada tana karɓa tana bayarwa. Amma Malama ki yi hattara, kin san halinmu da gori, ki kafa doka tun ranar farko cewa ba a tambayar kowa asalinsa a aji kuma ba a nuna kowa da yatsa, unguwa ake nazari ba ɗan'uwanka na benci ba. In aka yi sake darasin da aka shirya don haɗa kai shi ne zai sa wata yarinya ta koma gida da kuka, wannan kuwa ba na son ko jin labarinsa.

A ɓangaren shugabanci da haƙƙi kuwa kar ki fara da rassan gwamnati 3, ki fara da kwatar layinsu. Damina ta zo kwata ta toshe da ledar fiya wata, ruwa ya shiga gidaje, alhakin wa? Za su ce gwamnati. Wace gwamnatin, mai unguwa ko dagaci ko hakimi, kansila ko ciyaman, ko REMASAB mai kwashe shara, kuma wa ya jefa ledar? Nan take kin shiga bambancin sarautar gargajiya da zaɓaɓɓun shugabanni, da ƙananan hukumomi 44 na jihar nan, da haraji, da abin da ke wuyan ɗan ƙasa shi kansa. 'Yan aji 2 za su iya wadda ta fi wannan nauyi: yaushe ya halatta hukuma ta hana mutum sana'arsa saboda amfanin jama'a? A farkon 2013 aka hana acaɓa a Kano saboda tsaro, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, daga nan a daidaita sahu ta cika titi. Su je su tambayi manya a gida wa ya amfana wa ya yi asara, za su dawo da amsoshi masu karo da juna kuma abin da ake nema ke nan. Sai dai ki riƙe linzami kar aji ya koma dandalin 'yan jam'iyya, da kin ji an fara kiran sunan ɗan siyasa ki dawo da su kan tambayar.

Akwai tambayoyin da suke kama da na jagora alhali ba su ba ne. "Shin zaman lafiya yana da kyau?" kowa ya san abin da Malama take so ya ce. "Kawo amfanin kasuwa guda 5" lissafi ne. Sannan abin da ya shafi aƙida ba na muhawarar aji ba ne, ki bar wa malamansa.

Yanzu maganar shirun nan. Ba daƙiƙanci ba ne wallahi, yaranmu an tarbiyyantar da su kar su ja da babba, kuma sun saba duk tambaya amsarta ɗaya ce in ka kuskure a yi maka dariya ko ka sha bulala, ga Turanci ya tsaya musu a wuya. Don haka ki bari su yi muhawarar da Hausa, rubutun ƙarshe a yi da Turanci ki taimaka musu da kalmomin a gefen allo. In kin yi tambaya ki yi shiru ki ƙirga 10 a zuciyarki, kar ki ji tausayinsu ki amsa da kanki. Da yara 80 ba za ki iya jin kowa ba kuma babu filin juya kujeru, to benci-benci za a yi, kowane benci su yi magana ƙasa-ƙasa na minti 3 su tsayar da amsa ɗaya da hujja ɗaya, ki zaɓi benci 5 ko 6 su faɗa, gobe wasu, ki tabbata na bayan aji da 'yan mata masu kunya suna shiga layi. Kalmomin da za su zauna a bakinki su ne "me ya sa ka ce haka", "wa ya gaya maka", "akwai wanda bai yarda ba". Za a yi hayaniya a satin farko, ki sanar da malamin ajin kusa tun da wuri.

Ba kuma cewa nake a watsar da hadda ba, mu da muka tashi a kan allo mun san darajarta, kuma jarabawar BECE ta aji 3 za ta tambayi ma'ana da jerin abubuwa, dole su iya. Ki ware minti 10 na ƙarshe su kwafi not kamar kullum. Bambancin shi ne yaron da ya yi gardama a kan kwatar layinsu ya riga ya san aikin kansila kafin ya kwafa, ba ya shan wahalar riƙewa. Abu ɗaya da zan roƙe ki ki gwada: a shafin ƙarshe na littafin kowane yaro ya rubuta tambayar zangon, ya amsa ta a satin farko da layi 2 ko 3, ya sake amsawa a tsakiyar zango, ya sake a ƙarshe, ba tare da ya goge na baya ba. A nan za ki ba da wani kaso na makin siye, wato makin gwaje-gwajen cikin zango, kuma makin na hujja ne, wanda ya saɓa miki da dalili mai kyau ya ci, wanda ya maimaita maganarki babu dalili ya samu rabi.

In firinsifal ko masu duba aiki daga ma'aikata suka nemi lesin not, ki rubuta shi yadda aka saba, kan magana daga sikim da manufofi da matakai, tambayar jagorar ki sa ta a wajen gabatarwa sannan ki maimaita ta a wajen auna fahimta, babu wanda zai ce kin kauce wa manhaja. Tunda damina ba ta wuce garin nan ba tare da kwata ta yi ambaliya ba, ni da ita zan ce ki fara, in kin yi sati 3 ki rubuto min abin da yaran suka ce mu ga inda za a gyara.