Hitar gas da ke mutuwa da kanta, wuta mai ruwan ɗorawa, da sauran tambayoyin hunturu

Tun da sanyi ya kankama, tambayoyin waya da kwamfuta suka ja baya a akwatin saƙon wannan fili, na hitar gas suka cika shi. Yawancinsu a kan hitar nan ce mai tayoyi, wadda ake saka tukunyar gas a bayanta, mai faranti uku na yumɓu a gaba da ke yin jajur idan sun ɗau zafi.

Tambaya daga Jos: Assalamu alaikum. Hitata tana kamawa muddin ina danne da maɓalli, da na sake shi sai ta mutu. Mai gyara ya ce akwai wata waya da zai tsallake ya haɗa kai tsaye. In bar shi?

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka bar shi. Abin da yake son tsallakewa shi ne kaɗai ke rufe gas idan wuta ta mutu ba ka kusa.

Leƙa ƙasan farantin tsakiya, za ka ga wata 'yar wuta da ake kira failot, kusa da ita kuma wani ɗan sandan ƙarfe mai siririyar waya ta jan ƙarfe. Sunansa tamokoful. Ƙarafa biyu ne mabambanta aka haɗe a kansa, idan wuta ta gasa shi sai ya samar da lantarki ɗan mitsitsi, tsakanin milibolt 20 zuwa 30. Wannan lantarki ke kunna wani maganaɗisu a cikin bawul, shi kuma ya riƙe ƙofar gas a buɗe. Lokacin da kake danne maɓalli, yatsanka ne ke aikin maganaɗisun. Idan ka sake ta mutu, ke nan lantarkin bai kai ba, ko bai iso bawul ba.

Fara da abin da ba ya cin kuɗi. Bayan failot ta kama, ci gaba da dannewa har daƙiƙa 30, sannan ka sake a hankali. Mutane da dama garaje ne kawai matsalarsu. In sabuwar tukunya aka saka, akwai iska a cikin tiyo, sai an yi haƙuri ta fice kafin ma failot ɗin ta kama.

In hakan bai yi ba, dubi harshen failot. Ya kamata ya zama shuɗi, miƙaƙƙe, yana lulluɓe kimanin santimita ɗaya na kan tamokoful. Idan gajere ne yana lasar gefe kawai, ƙura ce ta toshe failot ɗin, kuma amsar tambaya ta gaba za ta yi maka amfani. Idan harshen lafiya lau yake, rufe gas, bari komai ya huce, ka goge baƙin da ke kan sandan da busasshen soso ko samfefa mai laushi sosai. Daga nan bi wayar har inda ta shiga bawul. Akwai noti a wurin. Kwance shi, goge bakin wayar, mayar da shi da yatsa, sannan ka ƙara rubu'in juyi kawai da sufana. Matsewa fiye da haka tana murƙushe 'yar woshar da ke raba wayar ciki da ta waje, shi ke nan tamokoful ya tashi aiki.

Hita da yawa suna da wani makashi da ke yanke wannan layin idan hitar ta karkace ko ta faɗi. Daɓe marar daidaito yana iya sa shi aiki, haka tsatsa a bakin wayoyinsa tana cinye ɗan lantarkin da dama bai taka kara ya karya ba. Ajiye hitar a shimfiɗaɗɗen wuri, ka cire wayoyin ka goge ka mayar.

Mai multimita, wato na'urar auna lantarki, zai iya yanke hukunci cikin minti biyu. A cire wayar daga bawul, a sa mita a kan milibolt na DC, tsinke ɗaya a jikin jan ƙarfen, ɗaya a kan bakin wayar, a kunna failot ana danne da maɓalli. Ƙasa da 15, a sauya. Idan mita ta nuna lafiya amma har yanzu ba ta riƙewa, maganaɗisun bawul ne ya mutu, wannan kuma aikin ƙwararre ne.

Tambaya daga Damagaram: Tawa tana aiki lafiya minti goma sha biyar ko ashirin, sai ta mutu ita kaɗai. Bara ba ta yi haka ba.

Hajiya, failot ɗin irin wannan hita ba 'yar wuta ce kawai ba, na'urar auna iska ce da ake kira ODS. Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da oksijin kusan kashi 21 cikin 100. An ƙera failot ɗin yadda idan oksijin na ɗaki ya sauko wajen kashi 18, harshen zai ɗaga ya rabu da tamokoful, sandan ya huce, bawul ya rufe. Saboda haka hitar da ta mutu bayan ɗan lokaci tana nuna ɗayan biyu: ko iskar ɗakin ta yi ƙaranci da gaske, ko ƙura ta sa failot ɗin tana jin kamar haka ne.

Rarrabe su ba wuya. Buɗe taga da ƙofa, ki sake kunnawa. Idan ta yi awa guda ba ta mutu ba, hitar ba ta da laifi, ɗakin ne ya yi mata kaɗan ko kin toshe shi da yawa. Idan ta sake mutuwa da taga a buɗe, ƙura ce. Hita da ta shekara a sito sannan ta fito cikin hazon hunturu, da wuya a rasa ƙura a failot ɗinta, wani lokaci har da yanar gizo-gizo, don gizo-gizo na son shiga irin waɗannan bututai.

A gindin bututun failot, inda tagulla take, akwai ƙaramin rami ɗaya ko biyu da iska ke shiga ta haɗu da gas. Cire regileta daga tukunya tukuna. Share wurin da burushi mai laushi, sannan ki hura ramin da famfon keke ko gwangwanin iskar da ake share kwamfuta da shi. In kwamfaresa za a yi amfani da ita, kada matsin iskarta ya wuce psi 30. Abin da ba a yi shi ne cusa allura ko waya a cikin jet, wato ramin da gas ke fitowa. An auna faɗinsa ne daidai, ko yaya aka buɗa shi harshen zai ƙara girma, ya daina ɗagawa idan oksijin ya ragu. Hitar za ta daina mutuwa, mai ita ya yi murna, alhali ya kashe mai gadinsa ne. Idan shara ba ta yi ba, a sauya ODS ɗin gaba ɗaya da irinsa, na samfurin hitar kuma na gas ɗin tukunya.

Masu karatu na kan tudu su lura: iska ba ta da kauri a can, oksijin da ke cikinta bai kai na ƙasa yawa ba, don haka ODS kan yi saurin yankewa. Masu ƙera wasu hitocin suna gargaɗin hakan daga kimanin mita 1,400 zuwa sama. Jos tana wajen mita 1,200, tsaunin Mambila kuwa ya zarce wannan iyaka.

Tambaya daga Zariya: Ina danna maƙyasti yana ƙara amma ba ta kamawa.

Gwada a cikin duhu da gas a rufe. In ba ka ga tartsatsi ba, duba ko wayar maƙyastin ta zare, ko farin kaskon da ke riƙe tsinken ya tsage, wanda ke sa tartsatsin ya tsere ta gefe. Tazarar tsinken da bakin failot milimita 3 zuwa 5 ce. In hitar mai batir ce, sauya batir. In kuwa tartsatsi na fita, to gas ne ba ya zuwa, sai ka koma kan regileta da toshewar failot.

Tambaya daga Kano: Ɗan'uwana ya kawo mana hita daga Turai. Wutarta ɗorawa ce, tana baƙanta bango, kuma yara na tashi da ciwon kai.

Kashe ta yau, kada a sake kunna ta har sai an duba. In wani cikin yaran yana jiri, amai, ko magagin da ba a saba gani ba, a fitar da shi waje a kai shi asibiti, a faɗa wa likita cewa akwai hitar gas a ɗakin.

Shuɗin harshe alamar gas ya samu isasshiyar iska ya ƙone tas. Ɗan jan da ke ƙyalli ya ɓace ƙura ce kawai ke ƙonewa. Amma ɗorawar wuta mai lilo da ke barin kunkunniya tana nufin ƙonewar ba ta cika ba, kuma a nan ne ake samun kabon monoksaid. Ba shi da wari, ba shi da launi, kuma yana kama jini fiye da yadda oksijin ke kamawa sau ɗari biyu da ɗoriya. Shi ne dai wanda ke kashe mutane idan sun kwana da kaskon gawayi ko janareta a ɗaki. Kada kuma a dogara ga ODS a nan: oksijin yake aunawa, ba wannan guba ba.

Tunda daga waje aka kawo ta, karanta farantin bayanan da ke jikinta. G20 na nufin gas ɗin bututu da ake ja wa gidaje a Turai, a matsin miliba 20 (miliba ma'aunin matsin gas ne). G30 butan ne, G31 furofan, su ne gas ɗin tukunya. Jet ɗin gas na bututu ya fi faɗi, gas ɗin tukunya kuma ya fi ƙarfin zafi nesa ba kusa ba, don haka haɗa hitar G20 da tukunya na haifar da daidai abin da ka kwatanta. Hitar da ba ta da bututun hayaƙi yawanci ba a yarda a juya ta daga wani gas zuwa wani ba. In farantin ya nuna G30 ko G31, sai a duba ƙura a bututun da ke jawo iska, tsagaggen faranti, ko regileta mai matsi fiye da kima.

Ko da ta gyaru, ba a kwana da ita a kunne, ba a saka ta a bayi, kuma a bar taga a ɗan buɗe. A ba ta tazarar aƙalla mita ɗaya daga labule, katifa da gidan sauro. Ƙararrawar kabon monoksaid mai batir ta cancanci kuɗinta. Nemi mai ɗauke da lambar EN 50291: an tsara ta ta yi kuka cikin minti 3 idan gubar ta kai ppm 300, wato kashi 300 cikin miliyan na iskar ɗaki, ko tsakanin minti 60 da 90 idan ta tsaya a 50.

Tambaya daga Agadas: Wutar ta yi rauni, faranti ba ya yin ja sosai, tukunyar kuma tana yin raɓa da sanyi ƙarara. Kwana nawa ya kamata kilo 12.5 ya yi?

Gas ɗin da ke cikin tukunya ruwa ne, sai ya tafasa ya zama iska yake fita, kuma zafin da yake tafasa da shi daga jikin tukunyar yake jawowa. Shi ya sa take sanyi. Butan yana daina tafasa wajen digiri sifili, furofan kuwa sai an kai 42 ƙasa da sifili. Idan gas ɗin butan ya fi yawa a cikinsa, tukunyar ta kusa ƙarewa, ga daren sahara, ga faranti uku a kunne, matsi zai faɗi. Rage zuwa faranti ɗaya ko ka sa cikakkiyar tukunya. Kada ka gasa ta, kada ka kwantar da ita, kada ka girgiza ta.

Duba regileta ma. Yawancin waɗannan hitoci na son miliba 28 zuwa 30, wasu 37, kuma a rubuce yake a jikinsu. Regileta mai murɗawa ta manyan murahun masu abincin sayarwa ba ta dace da su ba sam. Wasu regiletocin suna da ɗan bawul da ke rage gas idan aka buɗe da garaje. Rufe komai, jira minti ɗaya, sake buɗewa a hankali.

Hitar kilowat 4.2 tana shan kusan giram 300 a awa idan farantan uku na ci, wato kilo 12.5 zai ba ka wajen awa 40. Da faranti ɗaya, sama da awa 120. Kuma kowane kilo da ya ƙone yana sakin ruwa kusan lita ɗaya da rabi a cikin iskar ɗaki, abin da ke sa gilashin taga zufa da safe.

Tambaya daga Sakkwato: Ina jin warin gas ko da hitar a kashe.

Rufe regileta, buɗe ƙofa da tagogi, kada a taɓa makunnin lantarki ko ashana. Gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka taga ta sama kaɗai ba ta isa ba. A fitar da tukunyar waje, a shafa ruwan sabulu a kan bawul, regileta da bakin tiyo biyu. Inda kumfa ya riƙa tasowa nan ne yoyo. Sau da yawa 'yar robar da ke cikin bakin tukunya ce ta lalace, ko an ɗaure tiyo da waya maimakon kilif. Tiyon gas na da shekarar ƙira a jikinsa, a sauya shi idan ya kai shekara biyar ko ya fara tsagewa.

Tambaya daga Katsina: Hitar gas da nake ɗumama 'yan tsaki da ita ta rage zafi, suna cunkushewa a ƙarƙashinta.

Alhaji, ɗakin kaji ya fi ko'ina ƙura: dusa, ɗiɗɗigar katako, gashin tsaki. Irin hitar da ake ratayewa tana da matatar iska a bayan bututunta, kuma ita ce ke fara toshewa. Cire ta ka kakkaɓe duk bayan 'yan kwanaki, ka hure bututun da ragar gaba da iska, ban da ruwa a kan farantin yumɓu. Da yawa cikin hitocin kaji suna aiki ne da matsi mai yawa, ba miliba 30 na gida ba, don haka tabbatar regiletar ta yi daidai da abin da aka rubuta a jikin hitar. Sa ma'aunin zafi a daidai tsayin bayan tsaki, a gefen da'irar zafin: digiri 32 zuwa 35 a makon farko, sannan a riƙa rage kimanin digiri 3 kowane mako. Ledar da ake zagaye ɗakin da ita kuma a bar mata kafa ta sama.