Ku Tambayi Likita: Ƙwayar ƙarin jini

Tambaya: Likita, ina da juna biyu wata biyar. A wurin awo aka ba ni jar ƙwayar nan ta ƙarin jini, amma tunda na fara sha bayan gidana ya koma baƙi, ga tashin zuciya. In daina ne? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Kada ki daina, 'yar'uwa. Ƙwayar ƙarin jini ta ferrous sulphate mai miligiram 200 tana ɗauke da sinadarin ƙarfe kimanin miligiram 65, kuma kaɗan ne hanji ke tsotsa. Ragowar ita ke rina bayan gida, ba ta da illa. Wanda ake tsoro shi ne baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta, mai ƙarni, musamman idan akwai ciwon ciki ko jiri. Wannan na iya zama zubar jini daga ciki, sai ki garzaya asibiti a ranar.

Jiki ya fi cin moriyar ƙwayar idan aka sha ta awa ɗaya kafin abinci. Idan tana tayar miki da zuciya, ki sha bayan kin ɗan taɓa abinci, ko da dare kafin kwanciya. Ki haɗa da lemu ko gwaiba, domin bitamin C na taimaka wa hanji. Shayi kuwa, wanda da shi da yawanmu ke kora magani da safe, yana riƙe sinadarin ya hana shi shiga jini. Haka madara, nono da maganin ƙwannafi. Ki ba da tazarar awa biyu. Idan ciki ya ɗaure, ki yawaita ruwa da gwanda da ganye.

Ko jini ya dawo daidai, akan ci gaba da sha wata uku don a cika rumbun jiki.

Tambaya: Ɗana mai sikila ne, idanunsa sun yi fari fat. Zan iya ba shi irin wadda matata ke sha? Daga wani magidanci a Maraɗi.

Amsa: A'a, Malam, sai an auna jininsa. Ƙarancin jinin mai sikila daga fashewar ƙwayoyin jini yake, kuma wanda ake yawan yi wa ƙarin jini ƙarfe kan taru masa a hanta da zuciya. Folic acid, wani bitamin mai taimaka wa jiki yin sabon jini, aka saba ba su. A duba maleriya da tsutsar ciki ma.

Don Allah ka ɗaga kwalbar maiɗakinka inda hannun yara ba ya kaiwa. Ƙwayar kamar alewa take, kuma ƙaramin yaro ya haɗiye da yawa tana iya halaka shi. Idan hakan ta faru a kai shi asibiti nan take, ko da yana ta wasansa.