Tambaya da Amsa: Na karɓi ɗariƙa, ina son rubuta tarihinta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin tarihi ne a jami'a, ina shekarar ƙarshe. Bara na karɓi ɗariƙar Tijjaniyya a hannun muƙaddamin unguwarmu, kuma ina son kundina na kammala karatu ya zama kan yadda ɗariƙar ta kafu a Kano. Malamina ya ce ɗan ciki ba ya iya adalci. Wani ɗan'uwa a zawiyya kuma ya ce in na je wurin malaman Ƙadiriyya neman bayani, na karya sharaɗin ziyara. Ina zan sa kaina?
Daga wani ɗalibi, Gwale, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi wa karatu albarka. Bari in sallami maganar ziyara tukuna, don ita ce mai sauƙi. Ni a gidan Ƙadirawa na tashi, amon bandiri ne ya rene ni, amma na daɗe ina zama da muƙaddaman Tijjaniyya, kuma abin da nake ji daga bakinsu shi ne sharaɗin ya shafi zuwa wurin wani waliyyi don neman madadi, wato taimakon ruhi, da jingina da shi. Neman ilimi da sada zumunci ba su shiga ciki ba. Duk da haka ka tambayi wanda ya ba ka wuridi, shi ke da hakkin yi maka bayani, ba ɗan'uwan da kuke zaman wazifa tare ba.

Malaminka kuwa yana da gaskiya rabi. Ɗan ciki yakan ji nauyin rubuta abin da zai ɓata wa shehinsa rai. Amma ɗan ciki ne ake buɗe wa adaka a fito masa da takardun kaka, shi ne ya san bambancin izinin lazimi da izinin muƙaddamanci, shi ne ba zai ɗauki zikirin Juma'a ya kira shi wazifa ba. Wannan gata ne, kada ka yar da shi. Abin da ake nema gare ka shi ne ka raba littafi biyu: ɗaya na karamomi da manaƙibi, ɗaya na wane ya zo, yaushe, ya sauka a gidan wa, ya ba wa izini. Na farkon ma shaida ne, domin yana nuna yadda almajirai suke kallon shehinsu, sai dai ba a ciro shekara daga cikinsa.

Ga misalin da zai gwada ka tun a babi na ɗaya. Shehu Ahmadu Tijjani ya rasu a birnin Fas a 1815. Alhaji Umar Futi, wanda ya samo halifanci a Hijaz daga Muhammadul Gali, ya zauna shekaru a Sakkwato a wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, har ya auri 'yarsa. Daga baya Tijjanawa suka ce Bello ya karɓi ɗariƙar kafin rasuwarsa a 1837. Malaman Sakkwato, da Waziri Giɗaɗo a gaba, suka ce sam, a kan Ƙadiriyyar mahaifinsa ya cika. A zawiyya ruwaya ɗaya za ka ji, a Sakkwato ka ji ɗayar. Aikinka ka kawo duka biyun, ka nuna wa ya faɗa, a wane lokaci, da abin da kowane ɓangare yake karewa. In ka iya yin haka a kan wannan mas'ala, ka amsa wa malaminka ba tare da gardama ba.

Sai dai ina ganin ka ɗauko kaya da yawa. Tarihin manya an riga an tattake shi: Sarkin Kano Abbas, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1919, shi ne ya fara shigar da ɗariƙar fada, Sharif Alami ya zo daga Magrib a shekarun 1920 ya ƙarfafa yin wazifa cikin jam'i, Malam Muhammadu Salga ya yi muhawararsa da malaman Madabo kan al'adun zaman makoki, Sarki Abdullahi Bayero ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyas a aikin Hajjin 1937, sannan almajiran Salga, irin su Shehu Tijjani Usman na Zangon Barebari da Shehu Atiku na Sanka da Shehu Sani Kafinga da Shehu Maihula, suka rungumi Faila, wato tafiyar Shehu Ibrahim Inyas a cikin Tijjaniyya, suka yaɗa ta. In ka bi wannan hanya, kundinka zai zama maimaicin abin da wasu suka rubuta, kuma sun fi ka samun waɗanda suka gani da ido.

Abin da ba a rubuta ba shi ne zawiyyar unguwarku. Wa ya fara shimfiɗa farin ƙyallen wazifa a wannan masallaci? Ɗan kasuwa ne, ko maɗinki, ko mai rini? Da aka zo rikicin ƙabalu da sadalu, wa ya bar sahu, wa ya gina wani masallacin? Bayan kafa Izala a Jos a 1978, 'ya'yan waɗanne gidaje ne suka fita, kuma yaya iyayen suka ɗauki abin? Waɗannan tambayoyi dattawa ne ke riƙe da amsarsu, kuma kullum raguwa suke yi. Wannan ne yake damuna ƙwarai. Na taɓa shiga wani gida aka kawo mini takardun mai gidan bayan rasuwarsa, gara ta cinye gefen da sunayen silsila suke, magada kuwa ba wanda ya haddace su.

Saboda haka ka fara da ijazar muƙaddaminka. Ka roƙe shi da ladabi ya bari ka ɗauki hotonta. A cikinta akwai sunan wanda ya ba shi izini, da wanda ya ba wancan, har zuwa Fas. Da yawa daga malaman Kano sun sabunta izininsu fiye da sau ɗaya, don haka kada ka yi mamakin ganin mutum ɗaya da silsila ta hanyar Alfa Hashim na Madina, da wata ta hanyar Alami, da ta Kaulaha, garin Shehu Ibrahim Inyas a Senegal. Jerin waɗannan takardu shi kansa tarihin ne, yana nuna maka lokacin da fuskar gari ta juya. Ka kula da shekarun Hijira: 1370, alal misali, ta fara a Oktoban 1950 ta ƙare a 1951, to in babu wata a rubuce ka sa duka biyun. Bayan ijaza sai marsiyya. Almajirai kan sa ranar rasuwar malami da sunayen abokansa a cikin baitoci, da Larabci ko da ajami, kuma sau da yawa ta fi tunanin jika daidai.

In dattijo ya ce maka "zamanin Sarki Alhaji" ko "ana yaƙin Hitila", rubuta yadda ya faɗa, ka koma gida ka nemo shekarar. Kada ka sa masa lamba a baki.

Takardun Turawa suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, akwai kuma Gidan Arewa a can, da Gidan Ɗan Hausa a nan Kano. Ka karanta su da sanin cewa tun bayan yaƙin Burmi na 1903, inda mutanen gidan Alhaji Umar suka tsaya tare da Sarkin Musulmi Attahiru, jami'an mulkin mallaka suna zargin baƙin malamai masu yawo. Kwanan wata a rahotonsu abin dogara ne, fassarar niyyar mutane kuwa sai ka tace. Kuma ka bayyana a gabatarwar kundinka cewa kai Batijjane ne, mai karatu ya san inda kake tsaye.

TAMBAYA: Malam, ni mace ce kuma ban karɓi kowace ɗariƙa ba. Zan iya bincike kan matan zawiyya?
Daga wata malamar makaranta, Maraɗi

AMSA: Ƙwarai kuwa, Malama, kuma ke ce za ki shiga inda mu maza ba ma shiga. A ƙasarku akwai Kiota a jihar Doso, inda Shehu Abubakar Hashim ya kafa zawiyyarsa, matarsa Sayyida Ummul Khairi, 'yar Shehu Ibrahim Inyas, ta jagoranci makarantu da ƙungiyar mata. Amma kafin ki yi nisa, ki nemi tsofaffin da ke jan wazifa a cikin gidajen Maraɗi. Ki faɗa musu tun farko cewa ba wuridi kika zo karɓa ba, ki nemi izini kafin ki kunna rikoda, in an ce wani abu sirri ne ki bar shi. Ki tambayi kowace ɗaya a hannun wa ta karɓa, namiji ko mace, kafin aure ko bayansa.