Filin Makaɗa: Jitata ta ishe ni, ko rashin buri ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni matashi ne a Birnin Kebbi, ina kaɗa jitar bes, wato mai zurfin sauti, a wata ƙungiya da ake gayyata dina da tarukan makarantu, wani lokaci har Jega da Argungu. Jitata 'yar kwatano ce mai tsirkiya huɗu, fentinta ma ya goge a inda hannu ke zama. Amma ni dai tana yi min daɗi, kuma ba ta taɓa kunyata ni a wurin wasa ba. Abokan aikina sun sa ni gaba, wai kowa ya koma mai tsirkiya biyar, ni ne kawai na tsaya a baya. Ga shi na kusa ɗaukar adashi. In sayi sabuwa ko in zauna da tawa? Ina tsoron kada wadatar zucin nan tawa ta zama rashin buri.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Riƙe jitarka. Amma kada ka tashi tukuna, akwai sharaɗi.

Ka fara lura da waɗanda ke ba ka shawarar. Ba ka ce mai ganga ya yi ƙorafin ba ya jin ka ba, ba ka ce wani ango ya rage muku kuɗi saboda sautinka ba. Abin da aka ce shi ne kowa ya koma mai biyar. Wannan maganar ido ce, alhali kunne ke biyan makaɗi.

Mece ce tsirkiya ta biyar ɗin? Jita mai huɗu ana ɗaure ta a sautukan E, A, D, G. Ta biyar tana ƙara B a ƙasa, sauti mai zurfi sosai, wanda ake ji a ƙirji fiye da kunne. Tana da amfani idan mai fiyano yana yawan ɗaukar waƙa a D ko E-filat, kana son ka sauka ƙasa ba ka da wurin sauka. Sai dai ka dubi sifikun da kuke ɗorawa a bayan a-kori-kura. Yawancin waɗanda nake gani a filayen biki a nan ƙasar Kabi ba sa iya fitar da wannan B ɗin da tsabta, balle a fili inda babu bangon da zai riƙe sauti. Sai ka ji sifika tana ɓarɓar, kai kuma ka ɗauki jita mai faɗin wuya da ƙarin nauyi a kafaɗa har ƙarfe ɗayan dare. Ga aikin danne tsirkiyar da ba ka kaɗawa don kada ta riƙa gurnani ita kaɗai. In waƙa ɗaya ko biyu ce ke buƙatar saukar, sassauta E ɗinka zuwa D, ka wuce wurin.

Su manyan wannan sana'a ma ba canje-canje ya kai su inda suka kai ba. Jitar bes ta lantarki da ta karɓu a duniya ita ce Precision da Leo Fender ya fitar a 1951, kuma har gobe ana ƙera ta kusan yadda take tun ƙarshen shekarun 1950. James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a tarin waƙoƙin kamfanin Motown a birnin Ditiroit na Amurka, da Precision ɗaya ta 1962 ya yi mafi yawan aikinsa, da yatsa ɗaya yake fizgar tsirkiya, kuma ba ya canza tsirkiya sai ta tsinke. Paul McCartney na ƙungiyar Beatles ya sayi jitar bes ta kamfanin Höfner a Hambog ta Jamus a 1961 don Fender ta fi ƙarfin aljihunsa, kuma siffar Höfner ɗin ta dace da bahago. Ya yi arzikin da zai iya sayen kanti guda na jita, amma har ya tsufa irin wannan Höfner ɗin yake ratayawa a dandali. Ta farkon da aka sace masa a 1972, a 2024 aka sanar an mayar masa da ita. In ka ce waɗannan na nesa ne, to Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zagaya ƙasashe, kuma ban taɓa jin wanda ya ce da ma ya ƙara ta biyu ba.

To ga sharaɗin. Labarin Jamerson yana da ɗaya gefen da masu yabon tsohuwar jita ba su cika faɗa ba. Da Motown ta koma Los Anjelis a farkon shekarun 1970, masu shirya waƙa suka fara son sauti mai kaifi da sabon salon bugu. Shi kuwa ya tsaya kan tsoffin tsirkiyoyinsa da jitar da wuyanta ya lanƙwashe, aiki ya yi ta raguwa, tare da wasu matsalolin rayuwa da suka same shi, har ya rasu a 1983. Saboda haka gamsuwa da kaya sai an riƙa gwada ta. Ka ɗauki wasanku na gaba a waya, ka ajiye wayar can tsakiyar jama'a, ba kusa da amfilifayarka ba. Washegari ka saurara da kunnen baƙo. Kana fitowa tare da ƙafar mai ganga? In ka hau can saman wuya, sautin yana nan daidai da fiyano ko yana karkacewa? In ka wuce wannan jarrabawa, duk mai son ka canza jita sai ya kawo hujja.

Kuɗin adashin kuma ba zai rasa wurin zuwa ba, don mu a nan ba tsufa ke kashe jita ba, yanayi ne da wuta. Da hunturu ya shigo, katakon wuya yakan bushe ya tsuke. Ka shafa yatsa a gefen wuyan a watan Janairu, za ka ji bakin ƙarafan nan na kan wuya sun leƙo suna kartar fata. Da damina ta sauka sai katakon ya sha laima. Wannan sauyin yanayi yakan motsa wuyan, ko tsirkiya ta fara zizar a kan ƙarafan, ko ta yi sama dannawa ta zama aiki. Yara da yawa a nan suke yanke hukuncin jita ta mutu, su sayar da ita a banza. Alhali akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake juyawa da alanki, ɗan ƙarfen juya noti, don daidaita wuyan. Rubu'in juyi kawai, a bar ta ta kwana, a sake dubawa. In ta yi tauri kada ka tilasta, kai wa wanda ya sani, ko da sai ka haɗa da tafiya Kano ko Kaduna. Lokacin hunturu ka sami gidan sabulu na roba mai huji, ka sa soso mai ɗan laima da ka matse sosai, ka ajiye cikin jakar jitar. Kada kuma ka bar ta cikin mota a rufe da ranar Afrilu, ko ka jingina ta da bangon da rana ke duka.

Sai tsirkiya. Zufa da ƙura su ke kashe ta. Goge ta da busasshen tsumma duk bayan wasa, har ƙasanta. Mu a da, da yake sai an yi saƙo Legas ake samun sabuwa, mukan cire su mu tafasa a ruwa kamar minti goma, mu shanya su bushe ƙayau. Muryarsu takan dawo na ɗan lokaci, amma dabara ce ta sau ɗaya ko biyu, ba ta hana sayen sabuwa. Sayi saiti biyu, ɗaya a jita ɗaya a jaka. Sayi wayar haɗi mai kyau guda biyu, domin yawancin ƙarar da ake ɗora wa jita laifinta daga waya take ko daga bakin jak, inda ake cusa wayar, da ya saki, abin da mai gyaran rediyo zai ɗaure da dalma kafin ka gama shan shayi. Sayi sitabilaiza don amfilifaya, saboda janaretan haya ba ya da amana. In da saura, ka ƙara a kan sifika mai inci 15. Ranar da ka haɗa wannan tsohuwar taka da ita, ina jin abokan naka ne za su fara tambayar inda ka sayi sabuwar jita.

In kuwa wata rana ka shiga kanti ka ɗauki wata, hannunka ya ƙi ajiye ta, kuma kuɗin bai taɓa na abincin gida ba, saya abinka. Babu wanda ya ɗaura maka aure da ta yanzu. Ni dai ba na son ka saya don a daina yi maka dariya.

TAMBAYA: Baba, ni daga Gusau nake. Duk lokacin da muka kunna janareta, in na taɓa tsirkiya sai in ji wuta tana ɗan ja na, musamman in leɓena ya taɓa makirfo. An ce jitar ce ta lalace, in sayar.

AMSA: Kada ka sayar, kuma kada ka sake kaɗawa a haka ko da sau ɗaya. Jitar ba ta ƙera wutar da za ta ja mutum. Tsirkiyoyinta a haɗe suke da jikin amfilifaya ta cikin wayar haɗi, don haka in wuta ta zurara can kuma babu wayar ƙasa da za ta kwashe ta, jikinka ne hanyarta. Wannan abin ya kashe makaɗa a kan dandali. Duba filogin amfilifayar, na san za ka tarar an karye ƙafa ta uku ko an cusa tsirarar waya a soket. Kira mai aikin lantarki ya mayar da filogi mai ƙafa uku, ya kafa wa janaretan ƙarfen ƙasa, ya gwada amfilifayar da mita, sannan ku jona ta da na'urar makirfo a layi ɗaya. Kafin a gama wannan, ko an biya ku kuɗin wasa, ku ba da haƙuri.