Tambaya da Amsa: Har yanzu Inuit a ɗakin ƙanƙara suke kwana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki, ya iyali? Ni malamar firamare ce. Wani ɗalibina ɗan aji shida ya zo mini da bidiyo a wayar yayansa: mata biyu sun riƙe damtsen juna, fuska da fuska, suna fitar da wani irin sauti daga maƙogwaro, can sai ɗaya ta tuntsire da dariya. A ƙasan bidiyon an rubuta Inuit. Ya tambaye ni su wane ne, na ce masa su ne Eskimo masu kwana a ɗakin ƙanƙara, don iyakar abin da aka koya mana ke nan. Don Allah har yanzu haka suke zaune? Kuma sun yi wani abin a zo a gani a duniyar yau? Daga wata malama a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya yi wa yaron nan albarka, tambayarsa ta fi ta manya da yawa.

Da farko, in kin koma aji ki ce Inuit. Sunan Eskimo baƙi ne suka laƙaba musu, kuma na Kanada da na Girinland ba sa son a kira su da shi. Suna zaune ne a can ƙuryar arewacin duniya: Alaska ta Amurka, arewacin Kanada, tsibirin Girinland da ke ƙarƙashin Denmak, da 'yan'uwansu kaɗan a gabashin Rasha. Ƙidayar Kanada ta 2021 ta sami Inuit dubu 70 da 'yan kai. Tun 1 ga Afrilu 1999 suke da yankinsu na mulki a Kanada, Nunavut, mai hedikwata a Iqaluit. Faɗinsa ya ninka Nijeriya sau biyu har da ɗori, amma mutanen cikinsa a waccan ƙidayar ba su kai dubu 40 ba, kuma babu titin mota ko ɗaya da ya haɗa garuruwansa 25. Jirgin sama ne motar haya, manyan kaya kuwa sai jirgin ruwa in ƙanƙarar teku ta narke.

Ɗakin ƙanƙara, wato iglu, gaskiya ne, kuma har gobe akwai mafarautan da suka iya gina shi in dare ko guguwa ta riske su a daji. Amma gidan zama a yau na katako ne, da lantarki da talabijin da intanet. Macen da Sarauniyar Ingila ta naɗa Gwamna Janar ta Kanada a Yulin 2021, Mary Simon, 'yar Inuit ce daga arewacin lardin Kebek.

Yadda aka yi suka baro daji suka dawo gari ba labari ne mai daɗi ba, kuma in ba a san shi ba ba za a gane darajar abin da suka yi daga baya ba. Daga shekarun 1940 gwamnatin Kanada ta riƙa ba kowane Inuk, wato ɗan Inuit, wani ɗan faifai mai lamba ya rataya a wuya, saboda jami'anta sun kasa riƙe sunayensu. Sai a shekarun 1970 aka daina, bayan wani ɗansu, Abe Okpik, ya bi gari-gari yana rubuta sunan da kowane gida ya zaɓa. A 1953 da 1955 an kwashe iyalai daga Inukjuak aka kai su Resolute da Grise Fiord, can sama inda rana ke ɓacewa watanni, kuma sai 2010 gwamnati ta nemi gafara. An kwashe yara zuwa makarantun kwana inda ake hukunta mai magana da harshen uwarsa. An harbe karnukan da ke jan kekensu na ƙanƙara. Masu tarin fuka aka riƙa ɗora su a jirgin ruwa zuwa asibitocin kudu, wasu har suka rasu danginsu ba su san inda kabarinsu yake ba.

Wasan da ɗalibinki ya gani sunansa katajjaq. Mata ne ke yinsa tun kaka da kakanni, in maza sun tafi farauta. Ɗaya ta jefa sauti, ɗaya ta cike gurbin da ta bari, suna kwaikwayon iska ko kukan tsuntsu ko gudun ruwa, wadda numfashinta ya ƙare ko ta riga yin dariya ita ta faɗi. 'Yan mishan sun hana shi, ya kusa bin tsofaffi kabari, sai 'yan mata suka koma gun kakanninsu suka karɓo. Tanya Tagaq, 'yar garin Cambridge Bay, ta ɗauke shi ita kaɗai ta haɗa da kiɗan zamani, a 2014 ta ci kyautar Polaris, wadda ake ba faifan waƙa mafi fice a Kanada duk shekara. Akwai dattawan da ke ganin abin da take yi ya bar asali, ita ma ba ta ce na gargajiya take yi ba. A 2021 kuma UNESCO ta sa kiɗan ganga da waƙar Inuit na Girinland cikin kayan gadon duniya. A da, da wannan gangar ake raba gardama: mutum biyu da suka saɓa su fito gaban jama'a su yi ta yi wa juna zambo, wanda ya fi sa mutane dariya shi ke da nasara.

Inda na fi so in tsaya shi ne zane, domin a nan ne ake ganin yadda suka riƙe abinsu da hannunsu. Akwai wani ƙaramin gari a tsibirin Baffin, Kinngait, da a da ake kira Cape Dorset, mutanensa ba su kai 1,500 ba. A 1957 wani Bature mai zane, James Houston, ya fara gwada bugun zane da mutanen garin: a sassaƙa hoton a faffaɗan dutse, a shafa tawada, a danna takarda, a sami kwafi kamar 50 na zane guda. A 1959 suka kafa ƙungiyar gama kai tasu, ita ke sayen aikin daga mai zane, ita ke bugawa, ita ke kaiwa kasuwa, riba ta dawo gari. Har yau tana nan, kuma tun daga wannan shekarar duk shekara sai sun fitar da sabon jerin zane. Ni a ganina wannan ƙungiya ta fi kowace lambar yabo muhimmanci. Baturen ya bar garin tun farkon shekarun 1960, sana'ar ba ta bi shi ba.

Tauraruwar farko ita ce Kenojuak Ashevak. A cikin iglu aka haife ta a 1927, ta yi shekara uku tana jinyar tarin fuka a birnin Kebek, ta dawo ta kama fensir. Zanenta na 1960, wata mujiya mai dogayen gashin fuka-fuki ja da baƙi da suka bazu kamar hasken rana, shi Kanada ta buga a kan sarki a 1970. (Na san mu nan ba mu haɗa hanya da mujiya, amma tata ko maƙiyin mujiya ya gani sai ya sake kallo.) A 2018, shekara biyar bayan rasuwarta, an yi gwanjon kwafi ɗaya a Toronto kan dalar Kanada dubu 216.

Sai dai kasuwa tana da nata son rai. Masu saye a kudu sun fi son tsuntsaye da mafarauci da mashi, wato irin hoton da aka koya mana a makaranta. Annie Pootoogook ta ƙi ba su. Jikar shahararriyar mai zane Pitseolak Ashoona ce, uwarta ma mai zane ce, amma ita da fensir mai launi ta zana abin da idonta ke gani: iyali zaune a ƙasa suna cin ɗanyen nama ga talabijin a kunne, mata a gaban firjin kanti suna duba abincin gwangwani da na leda, miji ya ɗaga katako kan matarsa, ita kanta tana farfasa kwalaben giya a bayan gida. A 2006 ta ci kyautar Sobey ta masu fasaha a Kanada, mai dala dubu 50, a 2007 aka gayyace ta baje kolin documenta a Jamus, wanda sai shekara biyar-biyar ake yi. Ƙarshenta bai yi kyau ba. Ta yi fama da shaye-shaye da rashin matsuguni a Ottawa, a Satumbar 2016 aka tsinci gawarta a kogi tana da shekara 47. In za ki nuna wa ɗalibanki zane ɗaya don su san yadda Inuit ke zaune yau, ki zaɓo cikin nata masu sauƙi, kamar na kanti, kafin ki kai ga mujiya.

A fim ma haka aka yi. Mutanen garin Igloolik sau biyu suna kaɗa ƙuri'ar ƙin karɓar talabijin a shekarun 1970, don babu shiri ko ɗaya da harshensu. Ɗan garin, Zacharias Kunuk, ya kai sassaƙensa na dutse Montreal a 1981, ya sayar, ya sayo kyamarar bidiyo. Shekara 20 bayan haka fim ɗinsa Atanarjuat ya ci kyautar Caméra d'Or a bikin fina-finai na Cannes a Faransa. Tsohon labarin garin ne da aka tattaro daga bakin dattawa, na wani mai gudu da ya tsere wa makasansa tsirara a kan ƙanƙarar teku. Kusan awa uku ne, da harshen Inuktitut daga farko har ƙarshe, 'yan wasan mutanen yankin ne, matan gari suka ɗinka tufafin fata irin na da. A 2015 masana fim da bikin Toronto ya tambaya suka zaɓe shi fim mafi kyau da Kanada ta taɓa yi.

Wasanninsu na gargajiya duk horon farauta ne da aka mayar gasa, kuma yawancinsu a ɗan ƙaramin wuri ake yi, tun da a cikin ɗaki aka ƙirƙire su lokacin dogon duhun hunturu. Wanda ya fi jan 'yan kallo shi ne bugun sama da ƙafa ɗaya. Ana rataye 'yar ƙwallon fata, mutum ya daka tsalle ya taɓa ta da ƙafa, sannan ya dira a kan wannan ƙafar da ya yi bugun, ya tsaya cak kamar ɗan langa. Gwanaye suna kai wa kusan mita 3. Akwai na tsalle a kan gaɓoɓin yatsun hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe, ana kwaikwayon tafiyar dabbar tekun nan da suke farauta, sil, har hannu ya yi jini. Ana fafata su a gasar Arctic Winter Games da aka fara a Yellowknife a 1970, ana yi duk shekara biyu, kuma lambar da ake ratayawa wanda ya ci siffar ulu gare ta, wuƙar mata mai kama da jinjirin wata da ake fiɗa da yankan nama da ita. Abin da ke burge ni a wasannin nan, abokin karawarka ne zai matso ya gaya maka inda ka kuskure a tsallenka na baya. Mutanen da rayuwar kowa ke rataye da ƙwarewar ɗan'uwansa a kan ƙanƙara ba su ga ribar ɓoye dabara ba.

A wasannin zamani, sunan da kowa ya sani shi ne Jordin Tootoo na Rankin Inlet, Inuk na farko da ya buga babbar gasar hokin ƙanƙara ta NHL, da kulob ɗin Nashville a 2003. Ya buga wasa sama da 700 kafin ya yi ritaya a 2018. Wansa Terence, shi ma ɗan hoki, ya kashe kansa a 2002, shi kuma Jordin ya shiga jinyar barin giya a 2010, bai ɓoye ba, yanzu yawo yake garuruwa yana yi wa matasa magana. A 2022 wani matashi ɗan kokawa, Eekeeluak Avalak, ya ciyo wa Nunavut zinarenta na farko a gasar wasannin Kanada, ya sadaukar da shi ga wansa da ya rasu ta irin wannan hanya. Na kawo wannan ne don kada a ɗauka komai ya gyaru: kisan kai tsakanin matasansu ya ninka na sauran Kanada sau da yawa, gidaje sun yi kaɗan, abinci tsada, tarin fuka bai tafi ba. Allah ya kyauta. Ki gaishe mini da ɗalibin naki.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni mai bin ƙwallo ne. Tun da Trump ya fara maganar mallakar Girinland nake mamaki, me ya sa ban taɓa ganinsu a wasan neman gurbin kofin duniya ba? Ko ba sa buga ƙwallo ne? Daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi.

AMSA: Barka kadai, Alhaji. Suna bugawa, har ma ita ce wasan da suka fi so. Mutanen tsibirin wajen dubu 56 ne, kusan tara cikin goma Inuit. Matsalar ita ce ba su cikin FIFA, kuma ba a shiga FIFA sai ta ƙofar hukumar wata nahiya. Ta Turai, UEFA, yanzu ƙasa mai cikakken 'yanci kawai take karɓa, su kuwa mulkin cikin gida gare su tun 1979, aka faɗaɗa shi a 2009, amma har yanzu suna ƙarƙashin Denmak. Tsibiran Faro, da su ma na Denmak ne, sun riga sun shige kafin a kafa wannan sharaɗi. Sai Girinland ta juya ga CONCACAF ta Arewacin Amurka a 2024, a Yunin 2025 aka ce musu a'a.

Ga kuma yanayi. Dusar ƙanƙara na rufe fili mafi yawan shekara, babu titi tsakanin garuruwa, don haka zagayen ƙarshe na gasar ƙasar a gari ɗaya ake tara kulob-kulob a gama cikin kamar mako guda, galibi a watan Agusta. B-67 ta birnin Nuuk ce ta fi kowa ɗaukar kofin. In kana son ganin tutarsu mai ja da fari a gasar duniya, ƙwallon hannu za ka nema: mazansu sun je gasar duniya a 2001 da 2003 da 2007, matansu kuma sun je ta 2023.