Kada ka kama wa mutum ɗaki a jirgin ruwa ba ka ga fasfonsa ba

Kai yaro, ga tambayarka kamar yadda ka kawo ta: magidanci ne da iyalinsa, su huɗu, yana son mako guda a jirgin ruwa na shaƙatawa cikin Bahar Rum. Ya ga farashi mai sauƙi a intanet, ya ce ka kama masa ɗaki yau da kafin alƙalami, maganar biza kuwa ka bar masa, zai ji da ita. Kana so in ce maka ka kama ko kada ka kama. To, kada ka kama. Ka ce masa ya kawo fasfo huɗun nan ka riƙe su a hannunka, ka buɗe su shafi-shafi. Yadda ake cika suna da ranar haihuwa a kwamfuta ba zan ɓata bakina a kai ba, wannan ko ɗan aike ya iya.

Wannan kalma ta "bar mini biza" ita ta sa na zauna ina amsa maka, domin da ita aka taɓa cutar ofishin nan namu na shirya tafiye-tafiye, kuma har yau in na ji ta raina ɓaci yake yi. Wani mutum ne, mai shiga ta alfarma da daɗin baki, ya zo neman ɗakuna biyu masu baranda a jirgin da zai tashi daga Basalona, ya bi ta Faransa da Italiya, ya tsaya Tunisiya yini guda, sannan ya koma Sifaniya. Yaron da ke kan kujerarka a lokacin ya tambaye shi biza, ya ce ai shi Turai gidansa ne, bizar Shengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, tana cikin fasfonsa. Gaskiya ne tana ciki, amma ta shiga sau ɗaya ce. Tunisiya ba ta cikin Shengen. Da zarar jirgi ya tsaya can, a lissafin hukuma mutum ya fita, komowarsa tashar Turai ta gaba kuma shiga ce ta biyu, wadda bizarsa ba ta ba shi ba. Yaron ya faɗa masa haka da baki. Ya ce to shi ba zai sauka a Tunisiya ba, zai zauna cikin ɗakinsa. Kamfanin jirgi bai san wannan zance ba: in jirgi ya shiga tashar ƙasa, kowa da ke cikinsa ya shiga, ya sauka ko bai sauka ba.

Da wa'adin biyan ciko ya zo, sai ya kira ya ce kuɗinsa sun maƙale a banki, a rufa masa asiri a biya, mako mai zuwa zai kawo. Yaron ya ji kunyar babban mutum, ya biya daga asusun ofis, ba takarda, ba sa hannu, ko saƙon waya bai ajiye ba. Mako ya zama wata. Mutumin ya kwashi iyalinsa ya tafi Basalona, a teburin tantancewa aka buɗe fasfo aka ce ba za su hau ba. Wanda aka hana hawa saboda takardunsa ba su cika ba, ko sisi kamfani ba ya mayar masa, haka yake rubuce a yarjejeniyar tikiti. Ya dawo yana kumfar baki, wai ba wanda ya taɓa yi masa maganar Tunisiya, ciko ba zai biya ba, har ma kafin alƙalaminsa yake nema a mayar masa da kuɗin jirgin sama. Ya bi gari yana ɓata mana suna. Da aka zauna sulhu, maganarsa ce da maganar yaro, ba shaidar da za a ɗora a tebur. Ka yi lissafi da kanka: kamashon da kamfanonin jiragen nan ke ba mu yakan fara ne daga kashi 10 cikin ɗari, kuma ba a kan dukan kuɗin ba, ban da haraji da kuɗin tasha. Ke nan sai ka sayar da tafiya irin tasa fiye da goma kafin ka cike ramin da mutum ɗaya ya haƙa. Shi ya sa a ofishin nan ba a biya wa kowa ciko, ko shi wane ne, kuma duk gargaɗin da ka yi wa kwastoma sai ya kasance a rubuce, ya sa hannu a ƙasa.

Ku yaran yanzu kun ɗauka aikin nan farashi ne. Kun ga lamba a allon waya, kun tura wa mutum hoton ɗaki mai kallon teku, shi ke nan kun gama. Aikin yana cikin jerin tashoshi. Ka ɗauki takarda ka rubuta kowace tasha da ƙasar da take ciki, ka duba abin da ƙasar ke nema daga mai irin wannan fasfon, ba daga kowa ba. A Bahar Rum, tashoshin Turkiyya da Montenegro da Tunisiya da Maroko duk a wajen Shengen suke, saboda haka biza mai shiga da yawa za a nema. Kuroshiya ta shiga Shengen tun Janairun 2023, tsofaffin bayanai na iya ruɗa ka. Jiragen Alaska da ke tashi daga Seattle su koma can suna tsayawa a Kanada, galibi a Victoria, wani lokaci na 'yan sa'o'i kawai da dare, domin wata dokar Amurka ta 1886 ta hana jirgi mai tutar wata ƙasa irin wannan zagaye ba tare da ya taɓa tashar waje ba. Wanda fasfonsa ke buƙatar bizar Kanada, to sai da ita, ko da bizar Amurkarsa ta shekaru ce. Fasfo kuma ya rage masa aƙalla wata 6 bayan ranar sauka, haka yawancin kamfanoni ke nema, kuma sunan da ke tikiti ya zo daidai da na fasfo harafi-harafi.

Ga inda gwaninta take, ka buɗe kunnenka. Ranaku biyu za ka jera gefe da gefe: ranar biyan ciko da ranar fitowar biza. Ciko yakan faɗo tsakanin kwana 75 zuwa 120 kafin tashi, gwargwadon kamfani da tsawon tafiya. Kafin wannan rana, in an fasa, abin da za a rasa bai wuce kafin alƙalami ba, wani ma ana mayarwa in ba farashin "ba mayarwa" aka saya ba. Bayanta tara ke hawa, rabi, kashi 75, a makonnin ƙarshe kuma duka. Bizar Shengen ana karɓar takardunta tun wata 6 kafin tafiya, amsa takan ɗauki kwana 15, tana iya kaiwa 45, ban da jiran samun ranar ganawa. Don haka ka tura mutum neman biza tun da wuri, yadda amsa za ta fito kafin ranar ciko. In an hana shi, ya rasa kaɗan. In ka bari ya biya ciko sannan ya nemi biza, caca ka yi da kuɗinsa. Ofishin jakadancin da za a nufa shi ne na ƙasar da zai fi daɗewa a cikinta, in kuma daidai suke, ta farkon shiga.

Farashin da ya gani kuma, araha ba ta ado. Na mutum ɗaya ne bisa sharaɗin mutum biyu a ɗaki. Mai tafiya shi kaɗai yakan biya kusan ninki. Sau da yawa na ɗakin ciki ne, wanda ba shi da taga ko kaɗan. A kai za ka ɗora tukuicin ma'aikata da ake cira kullum, wanda a manyan jiragen kamfanonin Amurka yake tsakanin dala 16 zuwa 20 kan kowane mutum. Mutum huɗu, dare 7, a dala 18, ya kama dala 504 ba a sha ko lemo ba. Abin sha na kwalba da gidajen abinci na musamman da intanet da yawon cikin gari duk da kuɗinsu daban, ana kuma ƙara kashi 18 zuwa 20 na hidima a kan abin sha. Ranar hawa za su riƙe wani adadi a katinsa na banki, in katin cire kuɗi ne kai-tsaye riƙon yakan daɗe bai saki ba. Rubuta masa jimlar gaskiya tun yau. Gara ya tashi ya tafi yana ganin ka yi tsada da ya dawo yana ce maka maƙaryaci.

Zaɓen ɗaki, buɗe taswirar benayen jirgin za ka yi, ba hoto ba. Mai saurin jiri da tashin zuciya ka sa shi a tsakiyar jirgi, a bene na ƙasa-ƙasa, can tangaɗi ya fi sauƙi. Goshin jirgi da benayen sama su suka fi girgiza. Ka duba abin da ke saman ɗakin da ƙasansa: in wurin ninkaya ne, tun asuba za a fara jan kujeru a kansa, in gidan rawa ne ko madafa, ba barci. Ɗakin da ke tsakanin benaye biyu na ɗakuna shi ne zaɓi. Wasu ɗakunan masu taga kwale-kwalen ceto ne ya tare gabansu, shi ya sa suke da sauƙi. Akwai kuma farashin da kamfani ne zai zaɓa wa mutum ɗaki daga baya. Kada ka ba iyali wannan, ɗakunansu biyu na iya faɗawa ɗaya a gaba ɗaya a baya. Tambayoyi biyu kuma da kunya ke hana ku yi: mai juna biyu da za ta shiga mako na 24 kafin a gama tafiya ba a ɗaukarta, jariri kuma sai ya cika wata 6, a doguwar ƙetarar teku wata 12. Ka nemi hanyar ladabi ka tambaya.

Na san abin da zai ce maka na gaba: a sauke shi da jirgin sama da safiyar ranar tashi don ya huta da kuɗin otal. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ya isa kwana guda kafin ranar, in hanya mai canjin jirgi ce ma kwana biyu. Ana rufe hawa sa'a ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin tashi, kuma tashar ba lallai tana cikin garin da aka rubuta ba. In ka ga Roma, Civitavecchia ake nufi, kusan kilomita 80 daga birnin. In ka ga Landan, galibi Southampton ce. Gwamnatin Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar Venice tun Agustan 2021, wasu a Ravenna ko Trieste suke ɗaukar mutane. Akwatuna ana karɓarsu a bakin tasha, ba sa isa ɗaki sai yamma, don haka fasfo da magani su kasance a jakar hannu. Kafin a tashi kowa sai ya je wurin taruwarsa na atisayen ceto, ba a ɗaga wa kowa. An tsaurara wannan ne bayan jirgin Costa Concordia ya kife kusa da tsibirin Giglio na Italiya a Janairun 2012, mutum 32 suka rasu, a lokacin waɗanda suka hau a ranar ba a riga an yi musu atisayen ba.

A tashoshin hanya, a dawo jirgi rabin sa'a kafin tashi, inda kuma jirgi ke tsayawa nesa ana jigila da ƙananan jirage, na ƙarshe yakan bar gaɓa tun kafin haka. Agogon jirgi ake bi, ba na gari ba, wayar hannu kuwa canza kanta take yi zuwa lokacin gari ta yaudari mutum. Wanda ya bi yawon da kamfani ya shirya, in motarsu ta makara ana jiransu ko a kai su tasha ta gaba. Wanda ya ɗauki tasi da kansa ya makara, jirgi tafiyarsa yake yi, shi zai biya hanyar cim masa. Ya ɗauki hoton lambar wakilin jirgi a tashar, tana cikin takardar shirin kowace rana. Wayarsa kuma ya kashe mata layi da an bar gaɓa, don a teku ta tauraron ɗan'adam take kamawa, kuɗin ba kama hannun yaro.

Inshora ba ta cika biza kawai za ka saya masa ba. Shengen na neman wadda za ta iya ɗaukar kuɗin magani na aƙalla Yuro 30,000, amma ka karanta ka ga ta ambaci tafiyar jirgin ruwa, da kwashe maras lafiya daga teku, da fasa tafiya. Asibitin cikin jirgi na kuɗi ne, kwashe mutum da jirgi mai saukar ungulu ko jirgin asibiti kuwa yana iya cin dubban daloli masu yawa. In wata rana tafiyar tekun Karibiyan aka nema, ka sani daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin guguwa ne, shi ya sa farashi ke faɗuwa, kuma kyaftin na da ikon sauya tasha ko tsallake ta ba tare da an biya diyya ba, sai dai a mayar da kuɗin tashar.

Jirgin saman komawa kada ka sa shi kafin tsakar rana. An rubuta jirgi zai iso ƙarfe 6 na safe, amma sai hukuma ta sallame shi, sannan a sauke dubban mutane rukuni-rukuni, ga layin akwati, ga hanyar filin jirgi. Daren ƙarshe ya duba lissafin asusunsa na cikin jirgi layi-layi, in akwai kuskure ya gyara a teburin baƙi kafin ya sauka, domin bayan an sauka sai dai a yi ta aika wasiƙu.