Gyambon da ke kan ƙafar tundurmi ya fara wari, me za a yi?

Malama, kin ce ƙafar Baba ta daɗe da kumburi, yanzu gyambon yana zubar da ruwa yana wari. Allah ya ba shi lafiya.

Tundurmi yana toshe hanyoyin da ruwan jiki ke bi, shi ya sa ciwo ke wuyar warkewa a wurin. Safe da yamma ki wanke hannunki, ki wanke ƙafar da sabulu da ruwan da aka tafasa ya huce. Ki tsane ta da tsumma mai tsabta, musamman tsakanin yatsu da cikin ninkin fata, don nan ne danshi ke ɓuya fata ta tsage. Gyambon kuma a rufe shi da bandeji mai tsabta, a canza da zarar ya jiƙe. In zai kwanta, a ɗora ƙafar kan matashi.

Don Allah kada a zuba toka, man juye ko garin kafso, kada kuma wanzami ya yi tsaga.

Wari alamar ƙwayoyin cuta ce, sai an kai shi asibiti an duba, a gwada masa sukari. In zazzaɓi ya zo, ƙafar ta yi ja da zafi, kada a ɗaure ta tamau, ku tafi a ranar.